Tambayoyin Masu Karatu: Murya ta ƙi tsayawa a tsakiya, laifin tiwita ne?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan tiwita suke, ƙaramar lasifikar nan ta sama mai fitar da siririn sauti, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na taƙaita wasu saboda fili.

TAMBAYA: Salam Malam, ina gaisuwa daga Ƙofar Marusa. Ina da sifiku guda biyu 'yan kwatano da amfilifaya, sauti ba laifi bes ma akwai, to amma kwanaki na je gidan wani abokina ya kunna mani nashi na zauna kan kujera wallahi sai na ji kamar mai waƙar na tsaye gabana a tsakiya, kalangu na dama, 'yan amshi na baya, har na tashi na duba ko akwai sifika ta ukku a ɓoye. Ni nawa kuwa muryar yawo take, wani lokacin ta manne jikin akwatin hagu wani lokacin ta bazu ko'ina. Mai gyara ya ce sai na canza tiwita duka biyu kuma kuɗin ya fi ƙarfina. Mi zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka riƙe kuɗinka tukuna, kar ka sayi komai. In tiwitocin nan suna magana ba su ƙone ba, da wuya a ce su ne matsalar, abin da ke kewaye da su ne.

Abin da ka ji a gidan abokinka ba sifika mai tsada ce kaɗai ke yinsa ba, dabara ce tsohuwa, wani injiniya a Ingila mai suna Alan Blumlein ya yi mata rajista tun 1931. Kunnenka biyu ne, ƙwaƙwalwa kuma tana gane inda sauti ya fito ta hanya biyu: wane kunne ya fi ji da ƙarfi, wane kunne ya riga ji. In sifikar hagu da ta dama suka fitar da murya ɗaya, ƙarfi ɗaya, ta iso maka lokaci ɗaya, ƙwaƙwalwa sai ta yanke hukunci cewa mai maganar yana tsakiya, alhali babu komai a wurin sai bango. Duk sirrin ke nan, hagu da dama su zama abu ɗaya. Da zarar ɗaya ta ɗan fi ɗaya ƙarfi ko ta riga ta isowa, muryar ta karkata.

Kuma abin ba ya buƙatar bambanci mai yawa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan guda, wato santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma wannan ɗan lokacin ya isa ya janye muryar kusan gaba ɗaya zuwa sifikar da ta fi kusa da kai. Ƙasa da tsawon kamu ɗaya fa. Don haka aikin farko na tef ɗin tela ne, ba na dalma ba. Ka auna daga inda kanka yake in ka zauna zuwa tiwitar hagu, ka auna zuwa ta dama, su zo daidai. Tazarar da ke tsakanin sifikun biyu ta yi kusan daidai da tazararka da kowacce, in mita biyu ne tsakaninsu kai ma ka zauna mita biyu daga kowacce. Sannan tsayi: tiwita ta kalli kunnenka. Gidaje da yawa da nake shiga sai in tarar ɗaya tana ƙasa kan tayil ɗaya tana saman kabad, ko duka biyun an rataye su can kusa da silin, to siririn sauti miƙe yake tafiya, ba ya bazuwa kamar bes, wato sauti mai kauri, in ya wuce ta saman kanka ya wuce ke nan. In a ƙasa kake zama kan kafet to ka sauko da su, in a kujera ne ka ɗora su kan wani abu mai nauyi da ba ya rawa. Ka ɗan juyo da fuskokinsu ciki su kalle ka, duka biyun juyi iri ɗaya.

Abin gwaji kuwa kar ka fara da waƙa. Ka kama labaran rediyo, murya ɗaya ta mai karanta labarai, ka zauna ka rufe ido ka nuna da yatsa inda muryar take. In kana iya nuna wuri ɗaya ƙarami a tsakiya, an kama hanya. In kuwa muryar ba ta da wurin zama, kamar tana cikin kanka ko tana zagaye ɗakin, bes kuma ya yi rauni, to je ka duba wayoyi a bayan amfilifaya da bayan sifiku, kusan tabbas an juya ja da baƙi a gefe ɗaya. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, duka ɓangarorin. Wannan kaɗai ya gyara wa mutane da yawa sauti ba su kashe ko kwabo ba.

In ka gama waɗannan sai mu zo kan tiwitar kanta, nan ne nake so ka natsu.

Sautin da ke fita daga tiwita ba gaba kawai yake yi ba, wani yana bin fuskar akwatin yana rarrafe har ya kai baki, in ya tarar da kusurwa mai kaifi sai wurin ya zama kamar wata 'yar ƙaramar sifika ta biyu, ya sake fitowa ya biyo na farko a makare. Kamar ka jefa tsakuwa a tsakiyar baho ne, igiyar ruwan ta je ta daki baki ta dawo ta haɗu da mai zuwa. Kunnenka yana karɓar sautin asali sannan ga wasu ƙanana na biye da shi daga gefen akwati, daga kan sukurori, daga katakon ragar gaba, su ne ke dusashe hoton, su ne kuma ke tona wa ƙwaƙwalwa asirin cewa daga akwati sautin ke fitowa. Bes bai damu da wannan ba don zangon igiyarsa dogo ne, mai kaɗawa sau 100 a sakan ya kai mita 3.4, ya fi akwatin girma nesa ba kusa ba. Amma mai kaɗawa sau 10,000 a sakan zangonsa santimita 3.4 ne kacal, kan sukuru da ya ɗago ma abu ne a wurinsa. Wani injiniyan kamfanin RCA a Amurka, Harry Olson, ya gwada akwatuna masu siffa daban daban a farkon shekarun 1950, ya nuna mai siffar ƙwallo ya fi kowanne fitar da sauti sumul, mai kusurwa huɗu daidai wa daida kuwa yana cikin mafiya muni. Mu kuma duk akwatunanmu masu kusurwa ne.

Ba za ka mayar da akwatinka ƙwallo ba, amma za ka iya shanye sautin nan mai rarrafe kafin ya kai baki. Abin da ake amfani da shi matsattsen ulu ne, irin wanda ake hular dara da shi. Ba ƙirƙirata ba ce, ƙaramar sifikar nan da injiniyoyin BBC suka tsara a shekarun 1970, LS3/5A, wadda har yau masu kuɗi ke nema, in ka cire ragarta za ka ga an zagaye tiwitar da sandunan ulu guda huɗu. Wani mai ƙera sifiku, John Dunlavy, shi ma fuskar sifikunsa masu tsada cike take da shi.

Inda za ka samu: tsohuwar dara da aka daina sawa in ta ulu ce ta gaske, ko tsohon bargon ulu mai kauri, ko ka je wurin masu ɗinkin kujerun mota ka tambayi matsattsen abin da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kafet ɗin mota, sau da yawa guntayen a zube suke. Ka kara shi a bakinka ka hura, in iska ta wuce da ɗan ƙyar to ya yi, in ta ƙi wucewa sam kamar leda ko roba to mayar da sauti zai yi ba shanyewa ba, in kuma ta wuce fuu ba wani tarewa to bai da amfani. Soson katifa mutane ke fara ɗaukowa saboda yana kusa, yana ɗan taimakawa amma bai kai ulu ba.

Kaurin ya kai kamar milimita 6 zuwa 10, in naka siriri ne ka ninka biyu ko uku. Ka yanka guda biyu girma ɗaya, ka ɗora ɗaya kan ɗaya ka yanka tare don kar su bambanta. Faɗinsa ya rufe daga kewayen tiwita har zuwa bakin akwatin hagu da dama da sama. A tsakiya ka huda rami, kuma a nan ne aikin yake: kar ramin ya matse dom ɗin, wato ɗan ƙoƙon nan mai kaɗawa, ka bar masa kamar faɗin yatsa guda ko fi ta kowane gefe, kar gashin ulu ko ɗaya ya taɓa shi. Kuma kar ka yi ramin zagaye cif, don in zagaye ne duk gefensa tazara ɗaya yake da dom, ɗan abin da zai dawo zai dawo lokaci ɗaya ya taru a kan sauti ɗaya. Ka yi shi mai kusurwa huɗu, ko mai tsini-tsini kamar tauraro, sannan ka fere bakin ramin da reza ya kwanta ya buɗe waje, kar ya tsaya tsaye kamar rijiya. Ka manna da salatif mai fuska biyu, ban yarda da sufa gulu ba, don wataƙila ka so cirewa ko matsarwa, kuma tururinsa yana ɓata abin da ke kusa.

Da ka kunna za ka ji kamar siririn sautin ya ɗan ragu, kar ka yi saurin ɓamɓarewa, abin da ya tafi yawanci hayaniyar gefe ce da kunnenka ya saba da ita. Ka ba shi kwanaki kana sauraren abin da ka sani sosai. In har bayan nan kana jin ya dushe da yawa to ka faɗaɗa ramin kaɗan, duka biyun.

Ragar gaba kuma ka cire ta lokacin da ka zauna saurare, musamman mai kaurin katako, amma da ka gama ka mayar, ƙurar hunturun Katsina ba ta da kirki ga dom, ga kuma yara. Sai ɗakin kansa, tayil da bangon siminti suna mayar da sauti sosai. Ka zauna a wurinka wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe, duk inda ka hango tiwita a cikin madubin nan ne sauti ke dukan bango ya zo maka, ka rataya labule mai kauri ko darduma a wurin, ka shimfiɗa kafet tsakaninka da sifikun. In ɗaya tana manne da bango ɗaya kuma tana kusa da ƙofa a buɗe, ka yi ƙoƙarin daidaita su.

Abu ɗaya da zan ƙara, tsofaffin waƙoƙinmu da yawa na kaset da makirfo ɗaya aka ɗauke su, babu hagu babu dama a cikinsu tun asali, komai zai taru a tsakiya kuma haka ya kamata. Kar ka ga laifin sifika a nan.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Ni mai gyaran rediyo ne da amfilifaya a Daura. An kawo mani wasu tsofaffin sifiku na Japan, mai su ya ce sauti ya karkata dama. Na saurara tiwitar hagu tana magana amma a dushe, na sa mita ba ta yanke ba. In canza ta kawai ko akwai abin dubawa?

AMSA: Barka kadai abokin aiki, Allah ya ba da kasuwa. Kar ka canza ɗaya, wannan shi ne abin da ke kashe tsofaffin sifiku a shagunanmu, a cire ta asali a sa wata da ta shiga ramin kawai, mai kaya ya tafi gida da sifiku biyu da ba su san juna ba.

Bi ta a hankali. Fara musanya wayoyin a bayan amfilifaya, in dushewar ta koma dama to ba sifika ba ce, amfilifaya ce ko abin da ke ba ta sauti. In ta tsaya a hagu sai ka kwance tiwitocin biyu ka musanya musu akwati. In matsalar ta bi tiwitar, ita ce. In ta zauna a akwatin hagu to kurosoba ce, wato 'yan kayan da ke cikin akwatin masu raba sauti tsakanin tiwita da wufa (babbar lasifikar bes), kuma a tsofaffin kaya kafasita ce na fi zargi.

Ka san kafasitar da ke kan layin tiwita ita ke tare bes kar ya shiga ya ƙona ta. Kamfanoni da yawa irin mai ruwa a ciki suke sawa don arha, tun tana sabuwa ana yarda ta kauce da kashi 20 cikin 100 sama ko ƙasa, ga shekaru, ga zafinmu na Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ruwan yana bushewa. Duba lissafin: tiwita mai om 8 (om ma'aunin turjiya ga wuta ne) da kafasita 4.7uF ita kaɗai, wurin yankan, wato inda ake fara tare abin da ke ƙasa da shi, yana kusan 4,200Hz, kaɗawa sau 4,200 a sakan ke nan. In ta sauka zuwa 3.8 yankan ya haura 5,200, in ta hau 5.6 ya sauko kusan 3,550. To ka ga in hagu tana can dama tana nan, akwai wani yanki na murya, wurin da harafin "s" da "sh" da kaifin kuge suke, da gefe ɗaya ke faɗa da ƙarfi ɗayan yana raɗa, dole hoton ya karkata kuma ya riƙa yawo gwargwadon abin da ake faɗa.

Ka cire ƙafa ɗaya ta kafasitar ka auna, in mitarka tana auna kafasita. Ka canza duka ɓangarorin biyu ko da ɗaya ce ta lalace. Ka sa lamba ɗaya da wadda ka cire, kar ka ƙara wai don sauti ya buɗe, ƙarin yana nufin ƙarin bes a kan tiwita, ƙonewa ke nan. In ka samu busassa irin ta leda, masu launin rawaya ko ja ɗin nan, mai bolt 100 ko sama, ta fi, ba ta bushewa kuma lambarta ta fi gaskiya, ka sayi kamar shida ka auna ka zaɓi biyun da suka fi kusa da juna. In babu a nan masu zuwa Sabon Gari a Kano za su samo maka. Wadda kake cirowa daga tsohon bod mai alamar fulos da mainos ba ta wannan aikin ba ce, sai mai rubutun NP ko BP. In ka matsu ƙwarai za ka iya haɗa masu alama guda biyu, mainos da mainos, kowacce ninki biyu na lambar da kake so, zai yi aiki kafin a samu ta kirki. Kuma ka sani busassar takan sa siririn sauti ya ɗan ƙara fitowa fiye da da, in ya yi wa mai kaya yawa ka jera resista, mai rage ƙarfin wuta, ta rabin om a layin.

In kuwa matsalar ta bi tiwitar, auna su biyun da mita, mai om 8 takan nuna wajen 5.5 zuwa 7, abin da kake nema shi ne su yi kusa da juna. In sun yi kusa amma ɗaya a dushe, akwai yiwuwar irin masu mai ne a ciki. Wani baƙin mai ne mai bin maganaɗisu, asalinsa daga binciken NASA ne, hukumar sararin samaniya ta Amurka, a shekarun 1960, daga baya aka riƙa zuba shi a ramin koyil, naɗaɗɗiyar wayar da ke kaɗa dom, don ya sanyaya ta. In ya tsufa yakan yi kauri kamar kwalta ya riƙe koyil ɗin. Ana iya buɗewa a goge da siraran takarda da sifirit, amma aiki ne na mai haƙuri, wayar koyil ɗin siririya ce kamar gashi, kuma in ka goge ba ka zuba sabo ba tiwitar ba za ta ƙara jure ƙarfi kamar da ba, sautinta ma zai canza, don haka in za ka yi to duka biyun, kuma ka gaya wa mai kaya gaskiya kafin ka taɓa.

Lokacin mayarwa ka kula da abu biyu. Yadda ka tarar da wayoyin haka za ka mayar, ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire, don wasu kamfanonin da gangan suke juya wayar tiwita saboda tsarin kurosobarsu, ba kuskure ba ne, muhimmi dai hagu da dama su zama iri ɗaya. Kuma gwajin nan na batir 1.5 da muke yi wa wufa mu ga ta turo gaba, kar ka yi wa tiwita. Na biyu, in soson da ke tsakanin tiwita da katako ya ruɓe ka yanka sabo siriri, iska in tana fita ta nan za ka ji wani ɗan huci da karkarwa. Ka ɗaure sukurori daidai wa daida, kar ka matse ɗaya har fuskar ta lanƙwashe.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Jikana ya danna ɗan ƙoƙon nan na sifikar maigida da yatsa ya lotsa ciki. Ta lalace ke nan? Daga wata uwa a Sabuwar Unguwa.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya raya shi. Yawanci ba ta lalace ba. In ƙoƙon na yadi ne mai taushi, a kashe kayan, a samo salatif na takarda marar ƙarfin danƙo, a manna bakinsa a hankali a tsakiyar lotsawar a ja kaɗan kaɗan, yakan taso. In ya ƙi, a samo kwalin tsakiyar tishu a kifa a kansa a zuƙa da baki sannu. Kar a sa allura ko tsinke, kar kuma a sa injin shara mai zuƙa, zai iya fizge shi gaba ɗaya. In na ƙarfe ne mai sheƙi ko ya taso alamar karyewar ba ta ɓacewa kuma sautin can sama yakan ɗan canza, amma in ba ya karkarwa a ci gaba da amfani da shi. A mayar da ragar gaba, a ɗaga su inda hannunsa ba ya kaiwa.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗalibi ne ina ɗan haɗa kiɗa da ɗaukar murya a ɗakina nan Ƙofar Ƙaura. Sifikuna kaifinsu ya yi yawa in na daɗe kunne har zafi yake, na ga ana cewa a liƙa tishu a gaban tiwita wai manyan situdiyo ma haka suke yi. Gaskiya ne?

AMSA: Gaskiya ne an yi, ƙanena. Akwai sifikar Yamaha mai farar wufa, NS-10, ta fito a 1978 ta cika situdiyoyin duniya, kaifinta ya dami masu haɗa sauti har suka riƙa rataya mata tishu. Amma ni ban ba ka shawarar ba. Tishu ba shanye sauti kawai yake ba, yana mayar da wani baya ya daki dom ya sake fitowa, sai wani wuri ya ragu wani ya ƙaru, ba rage kaifi sumul ba ne. Kuma ba yadda za ka rataya na hagu da na dama su zama daidai, kai da kake buƙatar sanin ainihin inda ka ajiye kowane sauti.

Hanyar da ta fi tsafta resista biyu ce a kowane gefe. In tiwitarka mai om 8 ce kana so ka rage desibel 3 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), ka sa om 2.2 a jere kan wayar fulos dab da tiwita, bayan kurosoba, sannan om 20 ta haɗa ƙafafun tiwitar biyu, in babu 20 ka sa 18 ko 22. Farare masu jikin siminti na wat 10. Amfanin yin biyun shi ne kurosoba za ta ci gaba da ganin kusan om 8 ɗinta, wurin yanka ba zai gusa ba, in ka sa guda ɗaya a jere kawai zai gusa. In mai om 4 ce ka raba kowace lamba gida biyu. Desibel 3 ba kaɗan ba ne, rabin ƙarfin wutar da ke shiga tiwitar ke nan, da wuya ka buƙaci fiye da haka.

Amma fa ka leƙa ciki tukuna. Sifiku masu arha da yawa abin da ke ciki ba tiwita mai koyil ba ce, fiyezo ce, za ka gane ta da rashin nauyi, babu maganaɗisu a bayanta, mita ba ta nuna om, sau da yawa ma an jona ta kai tsaye ba kafasita. Ita ce mai tsiwar nan. Ita lissafin sama ba ya aiki a kanta sai ka fara haɗa ƙafafunta biyu da resista om 8 mai wat 10 ko 20, daga nan za ta zama kamar tiwita mai om 8, sai ka sa mata kafasita 3.3uF a jere, yankan ya koma wajen 6,000Hz, yankin da take ihu ya ragu. In kuma sifikunka irin masu amfilifaya a ciki ne da ake jonawa da wuta, kar ka buɗe, duba bayansu akwai maɓallin rage siririn sauti a yawancinsu. Zafin kunnen nan kuma kar ka raina shi, ka rage ƙara, ka riƙa hutawa, jin da ya tafi ba ya dawowa.

TAMBAYA: Ina so in ƙara tiwita bibbiyu a saman kowace sifika kamar yadda masu kiɗan biki ke yi don sauti ya ƙara fitowa tar. Ya ka gani? Daga Mai'aduwa.

AMSA: Masu kiɗan biki ƙara suke nema ta kai ƙarshen layi, ba wanda ke zaune a tsakiya yana neman inda murya take, don haka su ya yi musu. A ɗaki kuwa ɓata maka zai yi. Tiwita biyu suna faɗar abu ɗaya daga wuri biyu, in ɗaya ta fi ɗaya nisa da kunnenka da santimita 1.7 kawai, sautin 10,000Hz na wannan zai kashe na waccan, ka matsar da kai kaɗan kuma wani sautin daban ne zai mutu. Ga kuma om da zai sauka in ka jona su barkatai, amfilifaya ta yi ta zafi. Guda ɗaya mai lafiya a kowane gefe ta isa.

In kana son abin gwadawa kyauta, duba ko tiwitocinka a tsakiyar fuska suke ko sun matsa gefe guda. In sun matsa kuma ɗaya kishiyar ɗaya ce, to akwai ta hagu akwai ta dama, ka gwada su suna ciki suna kusa da juna, ka saurari mai karanta labarai, sannan ka musanya akwatunan su koma waje ka sake saurara. A ƙaramin ɗaki da bango ke kusa, ciki yakan fi tsayar da murya.

Mai tambaya kan batirin sola da amfilifaya, da mai tambayar hucin da ke tashi in an kunna janareta, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.